GARGAƊI ga masu neman bizar aiki ta Ingila: miliyan 6 da dubu 200 aka karɓe mini

Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya na ji wai ejan da ya cuce ni da sunan sama mini aiki a Ingila har yanzu yana karɓar kuɗin mutane, shi ya sa na ce a'a, gara in faɗa kowa ya ji. Naira miliyan 6 da dubu 200. Ku sake karantawa, miliyan shida da dubu ɗari biyu, filina na sayar, sauran kuma Yayana ya ranta mini daga jarin shagonsa.

Kuma don Allah kada wani ya zo yana ce mini ai kwaɗayi ne ko rashin wayo. Shekara 9 ina aiki a asibiti, na san takarda in na gan ta. Ba a intanet na tsinci mutumin nan ba, ofis gare shi, da allo a ƙofa, da sakatariya, wanda ya kai ni wurinsa kuma tare muka yi makaranta. Na yi tambaya, wallahi na yi tambaya. Na ce Alhaji wannan aikin kula da tsofaffi a Ingila, tabbas ne? Aka kira azahar muna cikin maganar, ya ce mu yi salla tukuna, shi ya ja mu sallar, muka idar ya juyo ya riƙe hannuna ya ce ɗan'uwa amana ce tsakanina da kai, in na ci kuɗinka ina zan kai hakkin. Wannan riƙe hannun shi ne har yau yake hana ni barci. Ya riƙe hannuna fa, a kan dadduma.

A watan Fabrairun 2025 na tura na farko, miliyan 2 da rabi, wai kuɗin COS, takardar da kamfani ke bayarwa cewa shi ya ɗauki nauyinka. Ya ce gurbi uku ya rage. Daga baya, bayan komai ya lalace, ɗiyar Baffana da ke aikin nas a Manchester ta ce Yaya me ya sa ba ka tambaye ni ba? Ta ce a lokacin kuɗin COS fam 239 ne kacal, bai kai rabin miliyan ba a canjin lokacin, sai a Afrilu ya koma fam 525, kuma ko nawa ne KAMFANI ne ke biya, tun 31 ga Disamban 2024 gwamnatinsu ta hana a ɗora wa ma'aikaci shi, kamfanin da ya yi haka ana iya ƙwace lasisinsa. Ni kuwa miliyan 2 da rabi na biya. Dalilin da ban tambaye ta ba, shi ya ce kada in gaya wa kowa har biza ta fito saboda baki da hassada, ni ma na ga ai gaskiya ne, haka muke yi a harkar tafiya.

Na biyu ko na uku ne ma, na manta wanne ya riga, akwai miliyan 1 da dubu 900 wai harajin da gwamnatin Birtaniya ke karɓa kan ɗauko ma'aikaci daga waje. Harajin akwai shi da gaske, shi ya sa da na duba na ga sunansa hankalina ya kwanta, a lokacin fam 1,000 ne a shekara ga babban kamfani, fam 364 ga ƙarami. Abin da ban karanta ba shi ne layin da ke cewa mai ɗaukar aiki ne zai biya kuma ba shi da ikon karɓa daga hannunka. To laifina ne wannan? Mutum ya nuna maka abu a shafin gwamnati da sunansa da komai.

Sai miliyan 1 da dubu 800 na inshorar lafiya, wanda suke cewa IHS. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Masu wasu bizojin suna biyan fam 1,035 a shekara, haka ne, amma bizar ma'aikatan lafiya da kula da tsofaffi an yafe mata shi gaba ɗaya, ba a biya sam. Kuɗin da babu wanda ke bin sa na je na durƙusa gaban Yayana na ce Yaya ka taimaka mini wata shida zan maido maka. Ranar Juma'a ce, da yamma ya tura, ni kuma ko minti goma ba a yi ba na tura wa mutumin. Ku tara, 2.5 da 1.9 da 1.8, miliyan 6 da dubu 200.

Na koma baya kaɗan, tun ranar farko ma ya ce zan tafi da maiɗakina da yara biyu, har fasfo na yi musu, ashe tun Maris ɗin 2024 aka hana masu wannan aikin tafiya da iyali. Ita har ta fara sallama da 'yan'uwanta. Takardar COS ɗin da ya turo mini ta WhatsApp kuwa da tambarin sarauta a sama da sunana da lambar fasfona, ɗiyar Baffa tana gani ta ce COS ai lamba ce da kamfani ke fitarwa a na'urar gwamnati, da ita ake cike biza, ta nemi sunan kamfanin a jerin masu lasisi da ke shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk, babu shi. Kyauta ake dubawa, minti biyu.

Kullum in na kira, ɗan'uwa haƙuri, sati mai zuwa. Na je Abuja na yi gwajin tarin fuka a IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, da kuɗina, takardar wata shida take yi, ta ƙare a aljihuna. Na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS na ci. Ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya, amma a watan Agusta bawan Allahn nan ya kira ni wai in ƙaro dubu 700 an buɗe wata hanya ta musamman. A nan jikina ya yi sanyi. Na ce Alhaji ka ji tsoron Allah ka maido mini kuɗina, ya ce ai an riga an tura wa Turawa. Bayan kwana uku ya toshe lambata, na je ofis na tarar da kwaɗo, wanda ya haɗa mu kuma ya ce shi ma cutarsa aka yi.

Ku ji a taƙaice. Kafin a rufe hanyar, abin da ke kanka shi ne kuɗin biza, a lokacin fam 284, gwajin tarin fuka, jarrabawar Turanci, tikiti in kamfani bai ɗauka ba, da nuna fam 1,270 a asusunka na kwana 28, wannan ma naka ne ba a ba kowa. Duk ejan da ya ce kawo kuɗin COS ɓarawo ne, tashi ka fita.

Ina da alat ɗin banki guda uku, ina da muryarsa, ina da takardar bogin, zan ɗora sikirinshot da zarar lauya ya ba ni izini, shi ya ce kada in kama suna sai mun shigar da ƙara EFCC. Wanda ya san shi ma an yi masa irin wannan ya yi mini magana ta inbos mu haɗu. Yayana har yau bai tambaye ni kuɗinsa ba, ko sau ɗaya, amma na shiga shagon shekaranjiya na ga kantoci biyu babu kaya. Miliyan 6 da dubu 200. Allah ya isa, ban yafe ba.