Taswirar OS Explorer OL24: gwajinta a gundumar Eyam

Duk mai son ya taka ƙaramar gundumar karkara a Ingila da ƙafarsa, ya ga tarihinta a ƙasa, taswirar Explorer mai ruwan lemo a bango ita ce ta saye. Hukumar Ordnance Survey ke buga ta. Ma'auninta 1:25,000, wato santimita 4 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Takardar OL24 ta ɗauki kudancin yankin Peak District, har da ƙauyen Eyam na Derbyshire, wanda mutanen wurin ke furtawa "Im".

Babbar fa'idarta ita ce tana zana iyakar kowace gona. A Eyam katangun dutse ne suka raba filaye, kuma da su matafiyi ke gane inda yake: a ƙirga katanga, a duba inda ɗigon koren layi ya ratsa ta. Gajerun ɗigo hanyar ƙafa ce da doka ta buɗe wa kowa, dogaye kuma hanyar da doki da keke ma ke bi. Taswirar Landranger mai ma'aunin 1:50,000 ba ta nuna katangun, shi ya sa ba ta isa wannan aiki ba.

Katangun nan na da amfani sosai a Eyam, domin wuraren tarihinta a warwatse suke cikin gonaki. Annoba ta shigo ƙauyen a 1665 cikin ƙunshin yadi daga Landan, mutanen suka killace kansu bisa jagorancin limamin cocinsu William Mompesson, aka rasa rai kusan 260. Cocin St Lawrence na tsakiyar gari, da tsohon gicciyen dutse na zamanin Anglo-Sakson a harabarsa. Kaburburan Riley kuwa suna gabas, a tsakiyar fili, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 a Agustan 1666. Rijiyar Mompesson tana kan tudu a arewa. Dutsen iyaka yana kan hanyar Stoney Middleton. A lokacin annobar, a ramukansa mutanen Eyam ke jiƙa kuɗi cikin ruwan khal, maƙwabta su ajiye abinci su ɗauki kuɗin. Da taswirar a hannu ana haɗa su duka a zagaye ɗaya, layukan tsayin ƙasa kuma su gaya wa mutum inda hawan yake tun bai fita ba.

Inda ake yawan kuskure shi ne iyakar gunduma. Iyakar da taswirar ke nunawa ta mulki ce, wadda dokar 1894 ta raba da harkar coci. Mai bin rajistar baftisma ko ta binne mamata ya sani tsohuwar gundumar coci kan fi haka faɗi. Haka kuma koren layi haƙƙin wucewa yake nunawa. A ƙasa wani lokaci ciyawa ce kawai ba sawu, kuma idan gardama ta taso taswirar ƙaramar hukuma doka ke dubawa.

Aibinta na gaske shi ne girma. Gaba da baya aka buga ta, juya ta cikin iskar tudun Eyam wahala ne, kuma ruwan sama kan yaga ta daga wurin ninki. A ninke ta tun daga masauki, ɓangaren da za a bi yana sama, a sa cikin jakar leda. Mai yawan fita gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki samfurin Active mai rufin roba, ko da yake ya fi kauri a aljihu.