Safiyar Asabar a Bronx da takwaranka

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da iyali baki ɗaya. A wayarmu ta ƙarshe ka ce kullum labarin sanyi da tsadar haya nake ba ka, wai in faɗa maka abin da ya fi burge ni a kayan ƙasar nan ta Amurka. Na so in ce mota ko asibiti. Sai ranar Asabar ɗin da ta wuce amsar ta zo mini, ina zaune a falo da takwaranka.

Yaron nan ba ya komawa barci bayan asuba. Da mun shafa addu'a zai jawo bargo ya naɗe a kan kujera, ya ce, "Baba, sa mana na da." Ƙarfe shida ke nan a nan, ku kuma rana ta take tsaka a Kano. Waje duhu, ƙanƙara ta rufe motoci, bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa. Ɗumin nan ma ba alfarma ba ce, dokar birnin New York ta wajabta wa mai gida ya bayar da shi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Da hunturu ba a buga besbol, shi ya sa muke komawa tsofaffin wasanni a YouTube kafin lokacin Islamiyya.

Bari in kwatanta maka wasan, don na san ba ka taɓa zama ka kalla ba. Mutum tara-tara ne. Ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfi, ɗaya ya tare ta da kulki, in ya doke ta sai ya ruga ya zagaya wurare huɗu, kowanne kamar wurin sha a langa, kafin a cafe ƙwallon a riga shi. In ya maka ta ta fice daga fili gaba ɗaya, ya zagaya abinsa a tsanake. Shekara biyu ina ganin abin kamar zaman banza. Takwaranka ne ya koya mini, yana ɗan shekara bakwai.

Wanda ya fi so shi ne cafiyar Willie Mays ta 1954. Hoton baƙi da fari ne, yana ɗan rawa. An doki ƙwallo ta yi sama ta yi nisa, Mays ya juya wa fili baya yana gudu kamar an biyo shi, ƙwallon ta sauko ta saman kafaɗarsa ta faɗa cikin safar hannunsa. Bai tsaya ba, ya juya ya wurgo ta, hularsa ta faɗi. Sau shida muka maimaita. A na bakwai yaron ya tashi ya dunƙule safar ƙafata, ya jefa sama, ya ruga ya kusa kifar da shayin mamarsa. Filin da aka yi wannan, Polo Grounds, an rushe shi tun 1964, dogayen gidajen haya ne a wurin yanzu, tsallaken kogin Harlem daga unguwarmu. Mays kansa ya rasu a 2024 yana da shekara 93. Amma cafiyar tana nan, kyauta, ga duk yaron da ya nema.

Daga nan sai Jackie Robinson. Shi ne ya karya shingen da ya hana baƙar fata buga babbar gasa, ranar 15 ga Afrilu 1947, da ƙungiyar Brooklyn Dodgers. Akwai hoton da ya sulale ya shige gida, wato wurin sha na ƙarshe, a gasar ƙarshe ta 1955, mai tsaron gidan ƙungiyar Yankees, Yogi Berra, yana tsalle yana musu da alƙali. Takwaranka ya tambaye ni me ya sa aka hana su tun farko. Wallahi Yaya sai da na ajiye kofi na yi shiru. Na ba shi amsa daidai hankalinsa, na kuma nuna masa Hank Aaron a 1974, ranar da ya yi bugun fice fili na 715 ya wuce Babe Ruth, wanda a da ya fi kowa yawan irin wannan bugun, bayan watanni ana aiko masa wasiƙun barazanar kisa. Lambar Robinson, 42, tun 1997 aka daina ba sabon ɗan wasa ita a kowace ƙungiya, sai dai duk 15 ga Afrilu kowa ya saka ta.

To ga abin da nake son ka gane. Awa biyu muka yi, wuta ba ta ƙifta ba, ba wanda ya ce data ta ƙare. Kuɗin intanet na wata ne, ka kalla ko kada ka kalla. Na tuna mu a gidan kallo na bakin layi, a kan benci, janareto na kuka, ana dab da bugun fanareti mai ya ƙare. Amma kada ka ɗauka komai a nan sadaka ne. Bara na biya wani kamfani kuɗin kallon kakar wasa guda, sai na tarar an toshe mini wasannin Yankees, wai don ina zaune a New York wata tasha ce ke da haƙƙin nuna su. Filin kuwa tasha uku ne daga gidana a jirgin ƙasa mai lamba 4. Ban ankara ba kuma shekara ta zagayo suka sake cirar kuɗi daga katina. Sai da na yi ta buga waya kafin a mayar mini. Sabon wasa da tsada yake, tsoho ne aka bar wa kowa.

Kayan wasan ma sun sa ni tunani. Safar hannun sabuwa mai kyau ta fi ƙarfina, a shagon gwanjo na samo masa, fatar ta yi laushi, an rubuta sunan wani yaro a ciki da biro. Na juya ta na duba ɗinkin, fatar saniya ce da tsirkiya. Ita ƙwallon da jan zare ake ɗinke ta, ɗinki 108, kuma wadda manya ke bugawa har yau da hannu ake ɗinka ta a ƙasar Kosta Rika. Babu abin da ke jikinta da dukawanmu na Kano ba za su iya ba, ga majema a kusa. Mutanen nan ba su fi mu hannu ba. Sun fi mu ajiya ne.

Abin da ya sosa mini rai ke nan. Da muka gama, yaron ya ce, "Baba, saura naku." Na nemo masa ƙwallon Rashidi Yekini a ragar Bulgeriya a 1994, yana riƙe da raga yana kuka. Na nemo Kanu da Brazil a 1996. Tas suke, domin a Amurka aka buga su. Sai na ce bari in nuna masa na gida sosai. Na nemi ƙungiyar ƙwallon Kano, Raccah Rovers ta 1978, wadda marigayi Baba ba ya gajiya da ba mu labarinta, ban samu wasa ko ɗaya ba. Na nemi Pillars ranar da ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, abin da na samu bai kai a zaunar da yaro ba. Na nemi damben Shago, sai dai in kwatanta masa da baki yadda aka kwatanta mana. Ya saurara, amma idonsa na kan talabijin. Ya san lambar rigar mutumin da ya mutu kafin a haife ni, bai san fuskar ɗan wasan garin ubansa ko ɗaya ba.

Don Allah Yaya ina da roƙo. Akwatin ƙarfen Baba da ke ɗakin Hajiya, na tuna akwai kaset-kaset na bidiyo a ciki da wasu hotuna na filin wasa. A duba ko ƙura da zafi sun bar wani abu. In akwai mai juya kaset zuwa waya a kasuwa, a kai masa, zan turo kuɗin tare da na wata. Sannan ka samu Kawu ranar Juma'a bayan an sauko, ka kunna wayarka, ka tambaye shi damben da ya gani da idonsa. Kada ka katse shi ko ya yi tsawo. Muryar kawai ka turo, ni zan riƙa fassara wa yaron inda Hausar ta yi masa nauyi.

A gaida Hajiya, a ce mata man zafin yana hanya. Takwaranka ya ce in tambaye ka ko kana da hagu, don safar da muka samo ta ɗan bahago ce, yana so ya ajiye maka.