Na'urar damƙa ko gwajin jijiya na lantarki: wanne zai nuna miki sauƙi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne. Tsakanin sayen na'urar auna damƙar hannu da kai shi gwajin lantarki duk wata bayan ɗinkin jijiyar, ni na'urar damƙa zan ce ki nema.

Gashin ƙashi ne aikina, amma a kan yayana na san darajar wannan na'ura. Tela ne, langa-langa ya yanke shi a wuyan hannun dama yana gyaran rufin shago, aka ɗinke jijiyar. Da farko da hannuna nake gwada shi kamar yadda aka koya mana, da ma'aunin 0 zuwa 5 da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta fitar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda sojoji masu raunin jijiya. A 0 babu motsi, a 3 gaɓa tana iya ɗaga nauyin kanta, 5 kuma lafiya lau. Rikicin yana kan 4. Wanda ya ɗan ture hannunka 4 ne, wanda ya kusa rinjayarka shi ma 4 ne. Wata uku ina rubuta wa Yaya 4. Wani abokin aikina ƙaƙƙarfa ya gwada ya ce da kyar ya kai 4, wata 'yar siririya ta gwada a ranar ta ce ai ya kai 5. Ashe ƙarfin mai gwadawa ma yana shiga lissafi. Yaya ya karaya, har ya fara zancen sayar da keken ɗinkinsa.

Sai na kawo masa na'urar damƙata gida, irin wadda ake kira Jamar, mai aiki da mai a ciki, wadda ke auna har kilo 90. Ranar farko allurar ta tsaya a kilo 9. Ya ɗauko littafin da yake rubuta awon kwastomomi, ya buɗe shafin ƙarshe ya rubuta. Bayan sati biyu 11, daga nan 14. Ni a hannuna har lokacin 4 nake ji, amma littafin yana nuna hawa. Ranar da ya ga 21 bai ce komai ba, ya miƙe ya ɗauki almakashi ya yanka yadin da ya daɗe a ajiye.

Sai dai ita ma tana da sharaɗi, in an karya shi lambarta ba ta da amfani. A zaune zai matsa, hannu a jikin haƙarƙari, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar tebur, marfin riƙon a rami na biyu cikin ramuka biyar ɗin. Sau uku zai matsa da ɗan hutu a tsakani, ki haɗa ki raba uku. Lokaci guda a yini, kujera guda, kuma kalmar da kike ƙarfafa shi da ita kar ta canza, don wanda aka yi wa tsawar "matsa!" ya fi wanda aka yi wa shiru matsawa. Ki auna lafiyayyen hannun ma. In yau ta sauka da kilo ɗaya ko biyu kar hankalinki ya tashi, rashin barci ko zafin ciwo kaɗai yana jawo haka. Awon wata da wata za ki duba.

Gwajin lantarki kuwa ban raina shi ba, shi ke nuna inda jijiya ta lalace da girman ɓarnar, kuma in likita ya ce a yi, a yi. Amma aikin bibiyar wata-wata ba nasa ba ne. Saƙo a lafiyayyar jijiyar hannu yana gudun mita 50 ko fiye a daƙiƙa, kuma duk digiri ɗaya da fata ta yi sanyi gudun yana raguwa da kusan mita 2. Mutum ya hau babur da sassafe cikin hunturu, in ba a ɗumama hannun ba sakamakon zai fito kamar ya koma baya. Ga shi jijiya kusan milimita ɗaya take tsirowa a rana, to me za ki gani bayan sati huɗu ban da kashe kuɗi da zafin allura?

Damƙa ba ta gaya miki ko ji ya dawo. Wannan aikin zaren nailan ne da ake dangwalawa a fata har ya lanƙwashe, irin wanda ake gwada ƙafar masu ciwon suga da hannun masu kuturta da shi. Ki sa mai gashinsa ya riƙa yi masa, ido a rufe, a wurare guda kullum.

Abin da na yi nadamar saye shi ne wata mai sifirin da na tsinta da araha. Cikin wata biyu sifirin ya saki, kowa ya zama ƙaƙƙarfa, na jefa ta a durowa.

Ki kuma yi hattara da masu yawo da kwamfuta da ɗan ƙarfe, su ce ya riƙe minti ɗaya sai ta buga takardar jijiyoyinsa da ƙodarsa da hantarsa. Wannan ba gwajin jijiya ba ne, hanyar tallar maganinsu ce. Haka masu liƙa sunan Jamar a jikin jabu. Ki nemi takardar saitinta, ki tabbatar allurar awon tana komawa sifili da kanta in an sake ta (ta biyun mai tsayawa a inda aka kai kuwa da hannu ake mayar da ita), kuma babu mai yana yoyo. In kuɗin ya yi miki yawa, kar ki sayi ta banza don dai a ce an saya. Ki roƙi a riƙa auna shi da na'ura guda a asibitin da yake gashi, ki riƙe littafinki. Kafin matsawar farko kuma ki tambayi likitan da ya yi ɗinkin, don sai ya ba da izini ake matsa hannu da ƙarfi.