Fim ɗin barkwanci na wanda ya haura arba'in: wanne za a saka a falo?

Akwai rukunin fina-finan ban dariya da jaruminsu ba saurayi ba ne mai neman aure. Magidanci ne ko uwargida da furfura ta fara leƙowa, aiki ya gundure su, yara sun fara yi musu kallon tsohon yayi. Kafin ka ƙona data ko ka miƙa memori a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, fara sanin da wa za ka kalla, sannan ka san ko dariyar a baki take ko a aiki. Barkwancin baki yakan mutu a fassara.

In da iyali ne, English Vinglish na 2012 ya fi sauran. Sridevi ce ta fito a matar gida mai sana'ar laddu, wani kayan zaƙi, wadda mijinta da 'yarta ke yi wa dariya don ba ta jin Turanci. Ta je Amurka bikin 'yar yayarta, ta shiga ajin koyon Turanci na mako huɗu a ɓoye. Dubi inda ta tsaya sayen kofi, mai sayarwa na jefo mata tambayoyi, layi na gunaguni a bayanta, har ta fita da kuka. Duk wadda aka taɓa dizgawa a banki ko asibiti saboda Turanci ba ta buƙatar tafinta a wurin. Akwai wani Bafaranshe ɗan ajinsu da ya kamu da sonta, amma ba ta ba shi fuska ba.

Badhaai Ho na 2018 ya fi shi ban dariya, sai dai a kan kunya aka gina shi. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Delhi, babban ɗansa ya isa aure, kwatsam matarsa ta samu ciki. Yadda uban ke in'ina zai gaya wa 'ya'yansa, da yadda uwar mijin ta buɗe wuta, kamar a cikin gari aka ɗauka. Amma kada ka saka shi Hajiya na zaune, ko surukai sun kawo ziyara, don kowa ƙasa zai riƙa kallo. Na miji da mata ne bayan yara sun kwanta.

A na Amurka, City Slickers na 1991 ya fi saurin shiga. Billy Crystal ya cika 39, ya gaji da ofis, ya bi abokansa biyu korar garken shanu na mako biyu, har ya karɓi haihuwar maraƙi da hannunsa. Wanda ya san Fulani da kiwo zai yi dariya biyu. Yana da zantukan manya jefi-jefi. Groundhog Day na 1993 kuwa, mai hasashen yanayi ne da ranar 2 ga Fabrairu ke ta maimaita kanta a kansa har ya gyara hali. Ko Turancinka na kame-kame ne za ka bi shi, amma akwai inda yake ta yunƙurin kashe kansa, bai dace da yara ba. The Intern na 2015, inda Robert De Niro ɗan 70 ya koma koyon aiki, sanyi gare shi, surutu ya fi dariya yawa.

Sai batun kwafi. A Netflix awa ɗaya na cin kusan 1GB a hoto na yau da kullum, har 3GB a HD, wato fim na awa biyu zai iya lashe 6GB in ba ka rage ingancin ba. Ka kuma duba ko fim ɗin na nan kafin ka biya. In tura maka za a yi, sa a buɗe shi a gabanka, ka tsallaka tsakiya ka ga ko rubutun ƙasa na tafiya da baki, don a nan yake zamewa. Na Indiya masu fassarar Hausa kuma, saurari minti biyar tukuna. Wani mai fassarar yakan cusa nasa barkwancin a duk inda aka yi shiru, alhali Badhaai Ho rabin dariyarsa a shirun take.