Salon rubuta kod: a bar wa masu dubawa ko a bar wa na'ura?

Ɗan'uwa, ka tambaya: a manhajar da kowa ke iya sa hannu a cikinta, wa ya kamata ya tsare ƙa'idar salon rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, masu duba gyara da idonsu, ko na'ura? Duka biyun ana bin su, amma a wurina ba su zo ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce a rubuta ƙa'ida, mutane su tsare ta. Harshen rubuta kod na Python na da takardar ƙa'ida mai suna PEP 8 tun 2001, inda aka ce a bar tazara huɗu a kowane matakin shiga ciki, kuma kada layi ya wuce haruffa 79. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita ma na da takardar salonta, da ƙaramin shirin nan checkpatch.pl mai nuna maka inda ka kauce, sai dai hukuncin ƙarshe na hannun mai kula da sashen. Alfanunta shi ne sassauci: idan karya doka zai sa layi ya fi sauƙin karantawa, mutum zai gane, ya ƙyale.

Amma tana cin lokaci, tana kuma cin zumunci. Sabon shiga ya kwana yana gyara matsala, ya turo, sai a dawo masa da ƙorafi kan waƙafi da tazara, ba a ko taɓa maganar aikin ba. Mai dubawa na yau ya ce haka, na gobe ya ce akasin haka. Da yawa daga cikin mutanen nan sa kai suke yi, ba albashi ake biyansu ba, kuma wanda aka yi wa wannan tarba da wuya ya sake dawowa. Wannan ne ya fi damuna.

Hanya ta biyu ta kashe gardamar tun daga tushe. Harshen Go ya zo da gofmt, shirin da ke daidaita salon kod da kansa, wanda bai ba ka zaɓin salo ba, shi ya sa kod ɗin Go ke kama da juna ko'ina. Black, wanda Łukasz Langa ya fitar a 2018, ya kawo wa Python irin wannan tsari, da layi mai haruffa 88. JavaScript na da Prettier, Rust na da rustfmt. Kana adana aikinka shirin zai daidaita shi, idan ka manta kuma, gwajin da ke gudana da kansa a kan kowane gyara zai tsayar da shi. Ba wanda ke jin an ci masa fuska don na'ura ta ce ya gyara.

Ita ma da nata nauyin. Ranar da tsohuwar manhaja ta koma wannan hanya, kusan kowane fayil sai ya canza. Gyare-gyaren da ke jiran a karɓa za su ci karo da sabon tsarin, git blame kuma, wato umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe a Git, shirin adana tarihin canje-canjen kod, zai nuna kamar mutum ɗaya ne ya rubuta komai. Django, manhajar gina shafukan intanet da Python, ta bi ta nan a 2022 lokacin da ta rungumi Black. Sannan na'ura ba ta san ko sunan da ka ba abu yana da ma'ana ba, ko bayanin da ka rubuta ya faɗi dalili. Wannan har gobe aikin mutum ne.

Don haka idan manhajarku sabuwa ce, ku sa shirin daidaitawa tun ranar farko, masu dubawa su ji da sunaye da ma'ana kawai. Idan tsohuwa ce, ku fara karɓar gyare-gyaren da ke jira, ku yi daidaitawar a tashi ɗaya ba tare da haɗa ta da wani canji ba, sannan ku sa lambar da Git ya ba wannan daidaitawar a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs. Tun daga Git 2.23 ana iya sa git blame ya tsallake ta.