Coming to the Table: zaman jikokin bayi da na iyayengijinsu a Amurka

Wannan ƙungiya ta fara zama a 2006 a Jami'ar Eastern Mennonite da ke jihar Virginia. Aikinta huɗu ne: tono tarihi, sada zuri'o'i, neman waraka, da ɗaukar mataki. Ana zama a da'ira, a riƙa miƙa wani abu hannu zuwa hannu, wanda ya riƙe shi ne kaɗai ke magana, ba a katse shi. Tsarin yana da kyau, amma babban amfanin ƙungiyar yana wajen takardu.

Baƙar fata mai neman asalinsa yakan cije a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1870, domin ita ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Jerin bayi na 1850 da 1860 sunan ubangida kawai ke ciki, sai shekarun bawa, jinsinsa da launin fatarsa. Sunayen suna cikin wasiyyoyi, lissafin gado, takardun ciniki da littattafan gona, waɗanda da yawansu ke ajiye a gidajen jikokin masu bayin. Ƙungiyar na da rukuni na musamman don zuri'o'in da tarihin gida ɗaya ya haɗa.

Wanda zai shiga ya fara da 1870: ya rubuta gundumar kakanninsa, shekarunsu da maƙwabtansu, sannan ya koma jerin 1860 na gundumar, ya duba bayanan hukumar 'yantattun bayi ta 1865 zuwa 1872. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa sunan dangin da 'yantaccen bawa ke amfani da shi na ubangidansa na ƙarshe ne; da yawa sun zaɓi wani sunan daban. Gwajin ƙwayar halitta ma yana nuna akwai jini ɗaya, bai faɗin ta wane kaka.

Inda irin wannan zama ke lalacewa shi ne idan jikan mai bayi ya zo neman gafara tun ranar farko, ya cika wurin da kuka, har wanda aka zalunci kakanninsa ya koma mai rarrashi. Wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora masa ba. Sai da mai jagoranci gogagge ake hana hakan, kuma rassan ƙungiyar sun dogara da 'yan sa-kai, don haka a tambayi wane horo jagoran ya samu kafin a shiga. Mai takardu ya kwafe su duka, har shafukan da ke nuna farashin mutane, ya miƙa ba tare da sharaɗi ba.