Trichoderma ko Apron Star: wanne za a shafa wa irin wake?

Malam, ka ce bara waken da ka shuka bai fito sosai ba, wanda ya fito ma wani ya yi kwana goma ya kwanta, da ka tuge sai ka ga gindinsa ya yi baƙi ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Bana kuma mai shago ya nuna maka wata hoda mai suna Trichoderma, wai funfuna ce mai amfani, shi ne kake tambaya ko ta fi Apron Star da ka saba, kuma ko za ka iya haɗa su biyun a kan iri ɗaya.

Abin da ka gani a gindin tsiron nan aikin funfunar cikin ƙasa ne. Masu wannan ɓarna sun fi uku: akwai Pythium mai son ƙasa mai laima, akwai Rhizoctonia da Fusarium, sannan a arewa can inda zafi da fari suka fi tsanani akwai Macrophomina, wadda ke sa karan wake ya yi toka-toka da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar garin gawayi. A gyaɗa kuma Aspergillus niger ce ke ruɓar da wuyan tsiro. Duka magungunan biyu da ka ambata waɗannan suke yaƙa, amma hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Apron Star guba ce kala uku a leda ɗaya. Idan ka duba jikin ledar za ka ga thiamethoxam kashi 20, metalaxyl-M kashi 20, difenoconazole kashi 2, shi ya sa ake rubuta 42 a gaban sunan. Na farko maganin ƙwari ne, yana shiga jikin tsiro, ƙwarin darɓa su tsotsa su mutu. Na biyu Pythium yake bi. Na uku shi ke tare sauran funfunar. Ledar giram 10 ana shafa ta wa kilo 4 na iri. Da iri ya sha danshi maganin ya fara aiki, bai damu da ko ƙasarka tana da taki ko rairayi ce zalla ba. Amma ƙarfinsa na makonnin farko ne, daga nan ya sace, tsiro ya ci gaba da fama da kansa.

Trichoderma kuwa halitta ce mai rai. Hodar da ka gani ƙwayayenta ne a kwance suna barci, an gauraya su da farar hoda don su kama jikin iri. Idan iri ya shiga ƙasa mai laima sai su farka, su yi zare-zare su lulluɓe saiwa, saiwa na tsawo suna bin ta. Aikinta na farko cin wuri ne, ta riga mugayen funfuna zama a kan saiwar ta cinye abincin da za su ci. Na biyu ya fi ban mamaki: tana nannaɗe zaren Rhizoctonia, ta fitar da wani ruwa mai narkar da bangon jikinta, ta tsotse ta. Wani masani, Richard Weindling, shi ya fara bayyana wannan a Amurka tun 1932, saboda haka ba sabon ilimi ba ne, zuwansa shagunanmu ne sabo. Bayan wannan, wasu nau'o'inta suna sa saiwa ta yi yawa ta yi gashi-gashi, tsiro ya fi samun ruwa da abinci. A Indiya, inda manoma suka daɗe suna amfani da ita a kan danginsu wake, jami'ar noma ta Tamil Nadu tana ba da shawarar giram 4 na Trichoderma viride a kowane kilo na iri. Akwai kuma nau'in T-22 da aka samar a jami'ar Cornell, sannan a Kenya ana sarrafa Trichoderma asperellum ana sayarwa. Kowane kamfani da ƙarfin hodarsa, don haka awon da ke jikin ledar za ka bi.

In a takarda ne Trichoderma ta fi daɗin ji. Matsalar tana hanya, tsakanin masana'anta da gonarka. Apron Star ta kwana a shago mai rufin kwano tun Maris har Yuni, ta sha zafin bazara, kuma ta yi aikinta. Trichoderma ba ta jure wannan. Ta fi jin daɗi a zafi na wajen digiri 25 zuwa 30, kuma ko an adana ta yadda ya kamata, irin ta hodar nan watanni kaɗan ne ƙarfinta. Ni kaina na taɓa sayen leda ɗaya a wani shago, na shafa wa gyaɗa, ban ga bambancin komai ba tsakanin kunyar da aka sa wa da wadda ba a sa wa ba. Na daɗe ina cewa ƙarya ce. Daga baya na tuna inda ledar take rataye, jikin taga, rana na dukanta tun hantsi. Gawa na saya. Kuma hodar da ta mutu da mai rai kamarsu ɗaya a ido, mai shagon ma bai sani ba.

Akwai gwajin da za ka yi a gida kafin ranar shuka. Ka dafa shinkafa kaɗan ba gishiri ba mai, ta huce, ka raba a robobi biyu masu tsafta. Ka barbaɗa hodar a ɗaya, ɗayar ka bar ta haka, ka rufe duka ka ajiye a inuwa. Idan hodar na da rai, cikin kwana huɗu zuwa mako za ka ga farin zare ya mamaye wadda ka barbaɗa, sannan ya rikiɗe kore shar. Robar ta biyu ita ce shaidarka, domin shinkafa in ta daɗe takan yi funfuna ko ba a sa mata komai ba. Idan duka biyun tafiyarsu ɗaya, kada ka dogara da hodar.

Ko da mai rai ka samu, sai ƙasa ta karɓe ta. Tana son laima da taki na gargajiya da ya ruɓe sosai. A fadama, ko noman rani da ake ban ruwa, ko gonar bayan gida da ke shan shara da kashin dabbobi, nan take bunƙasa. A jigawa mai rairayi, inda ruwa zai sauka yau a yi kwana goma sha biyar ba a sake ganin hadari ba, ƙasa ta yi zafi har ta ƙona tafin ƙafa, can wahala take sha. Abin takaici kuma shi ne daidai yanayin da Macrophomina ke so. Mai yin binne kuwa, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, kada ma ya ɓata kuɗinsa a kanta.

Ta fuskar ƙwari babu gardama, Trichoderma ba maganin ƙwari ba ce. Idan darɓa ce ke damunka a farkon damina, thiamethoxam ɗin da ke cikin Apron Star ne ke tare maka ita. Sai dai shi wannan sinadarin yana da nasa laifin, yana cutar da ƙudan zuma, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da shi a fili a 2018. Kuma irin da aka shafa wa ya zama guba, jan launin nan gargaɗi ne. Ragowar iri ba ya komawa tukunya ko an wanke, ba a ba kaji, ba a barin yara su gauraya da hannu. Da Trichoderma wannan fargabar ba ta kai haka ba, ko da yake ita ma ba a shaƙar ƙurarta.

Batun haɗa su: kada ka yi. Difenoconazole maganin funfuna ne, bai san ta kirki da ta banza ba, ka haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya ke nan. In kana son cin moriyar duka biyun, ka shafa wa iri Apron Star, ita kuma Trichoderma ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki mai ɗan danshi, ka rufe a inuwa kamar mako guda ta yaɗu, sannan ka zuba takin a kunya.

Akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, amma na ga mutane na rikita su, duk hodar da aka ce mai rai ce sai a ɗauka abu ɗaya ne. NoduMax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi ba funfuna ba ce, bakteriya ce mai suna Bradyrhizobium, kuma ta waken suya ce. Ba ta kashe cuta, aikinta shi ne ta yi ƙulli-ƙullin nan a saiwa, inda ake jawo sinadarin naitirojin daga iska. Ka tsaga ƙullin da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Ana manna ta da ruwan ƙaro, a gauraya a inuwa, a shuka a ranar. Ita kam tana zama lafiya da Trichoderma a kan iri ɗaya. Waken suya ya fi buƙatarta, ko da irin TGx ne da aka samar don ya iya hulɗa da bakteriyar ƙasarmu. Wake da gyaɗa galibi suna samun abokan hulɗarsu a ƙasa da kansu. Haka Aflasafe, shuɗiyar dawar nan, ita funfuna ce mai amfani amma ba a shafa ta a iri. Watsa ta ake yi a gonar gyaɗa ko masara, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, don rage gubar afilatoksin a amfanin gona.

To, ga inda na tsaya. Idan wakenka na damina ne a tudu, kuma ba ka san tarihin ledar Trichoderma ɗin nan ba, Apron Star za ka sa wa mafi yawan irinka bana. Idan fadama gare ka ko kana da taki wadatacce, kuma hodar ta ci gwajin shinkafa, ta cancanci a ba ta wuri. Ko ta yaya dai ka ware kunya goma sha biyu a tsakiyar gona, ba a gefe ba: huɗu Apron Star, huɗu Trichoderma, huɗu ba komai, iri ɗaya, rana ɗaya, yawan ramuka ɗaya. Bayan mako biyu ka ƙirga abin da ya tsaya, bayan wata guda ka tuge biyar-biyar ka wanke saiwar ka jera su a tabarma ka gani.

Kafin duk wannan ma ka gwada irin kansa. Ƙirga ƙwaya 100, ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Idan abin da ya tsiro bai kai 70 ba, ka canza iri, domin wanda ƙwaro ya huda ko ya sha zafi a rumbu babu hodar da za ta tashe shi. Mai yiwuwa ma rabin asarar bara daga nan ta fito. Ka gaya mana wane irin wake ne, kuma gonar tudu ce ko fadama, sannan ka duba mana ranar da aka buga a jikin ledar.